Fitilar da ta fi ƙarfin tanki: yadda muka zaɓi hasken LED ga akwariyam mai tsirrai

Tankin gilashin na kiwon kifi, wato akwariyam ɗin, na ƙanena ne. Tsawonsa santimita 90, faɗi 45, zurfi 45, wato lita 182 ke nan in an cika shi maƙil, ko da yake bayan an zuba ƙasa a gindi an kafa wani kututture mai rassa, ruwan ciki bai wuce lita 160 ba. Ruwan daɗi ne, da ƙananan kifaye masu yawo garke-garke. Amma tun farko tsirrai ne suka ɗauke masa hankali fiye da kifin. Ya ga hotunan aikin Takashi Amano, mutumin Japan ɗin nan da ya mai da shirya tsirrai a ƙarƙashin ruwa aikin gwaninta kafin rasuwarsa a 2015, sai ya ƙudura a ransa shi ma sai ya ga koriyar ciyawa ta shimfiɗu a gindin tankinsa kamar darduma.

A mako na 4 da kafa tankin ya kira ni. Ya ce, "Yaya, duk abin da aka ce na yi, amma abin nan ya koma kududdufi."

Da na je na tarar bai yi ƙari ba. Gansakuka iri 3 ta kama wuri. Akwai mai zare-zare da ta nannaɗe kan dogayen tsirrai, akwai ɗigo-ɗigon kore masu tauri da suka manne a gilashi sai da reza ake kankare su, sannan ga wadda ta fi ɓata rai, mai kama da baƙin gemu, ta jeru a gefen ganyen Anubias da kan kututture. Tsirran da ya dasa su ne Anubias da Microsorum a jikin itacen, Cryptocoryne wendtii a tsakiya, Vallisneria da Rotala rotundifolia a baya, sai ciyawar da ake kira Monte Carlo a gaba, wadda ita ce dardumar da yake mafarki. Ba ya sa iskar CO2, wato iskar kabon da tsirrai ke sha su girma. Fitilar kuwa doguwa ce ta LED, an rubuta lumen 8,000 (awon yawan haske) da Kelbin 10,000 (awon launinsa) a kwalinta, ba ta da maɓallin rage haske, kuma yana barin ta a kunne awa 12 kullum, don yana so ya ga tankin da safe kafin ya fita, ya kuma dawo da dare ya tarar da shi a haskake.

Shi a ganinsa kifaye masu cin gansakuka ne suka yi masa kaɗan, har ya fara cigiyar maganin da ake ɗigawa a ruwa. Na ce masa ruwa ba ya tsami banza, mu fara da fitilar.

Abin da awo ya nuna

Lissafi mafi sauƙi shi ne a raba lumen da lita. Kamfanin Tropica na ƙasar Denmak, wanda ya shahara wajen rainon tsirran ruwa, ya kasa tsirrai gida 3: masu sauƙi suna wadatuwa da lumen 10 zuwa 20 a kowace lita, matsakaita 20 zuwa 40, masu wuyar sha'ani kuma sama da 40. Fitilar ƙanena tana zuba kusan lumen 44 a kowace lita. Ke nan ya sayi hasken gida na 3 ya ɗora a kan tsirran da yawancinsu 'yan gida na 1 ne.

Sai dai lumen awo ne na idon mutum. Idonmu ya fi jin haske mai launin kore zuwa rawaya, wajen nanomita 555 a ma'aunin tsawon igiyar haske da ke bambanta launuka, don haka fitilar da ta cika wannan launi sai lambarta ta yi sama. Shi kuwa sinadarin kore na ganye ya fi zuƙar shuɗi, wajen nanomita 430 zuwa 450, da ja, wajen 640 zuwa 660. Fitilu 2 za su iya zuwa da lumen ɗaya amma abin da ganye ke samu daga gare su ya bambanta. Awon da ya dace da tsiro shi ne wanda ake kira PAR. Yana ƙirga ƙwayoyin haske tsakanin nanomita 400 da 700 da ke sauka kan murabba'in mita guda a daƙiƙa ɗaya, kuma ana faɗinsa da maikiromol. Rana tsaka in gari ya yi garau tana kai wajen 2,000. A wurin masu kiwon tsirran ruwa, in aka auna a gindin tanki aka samu 15 zuwa 30 ana cewa haske kaɗan ne, 30 zuwa 50 matsakaici, abin da ya haura 50 kuma ya shiga sahun mai ƙarfi.

Mun ari na'urar awon PAR a wurin wani da ya daɗe a harkar, muka nutsa kanta a wurare daban-daban. A tsakiyar gindin tankin ta nuna kusan 90. A kusurwoyi ta sauko wajen 50. A saman kututturen, inda ya ɗaure Anubias bai fi santimita 10 daga saman ruwa ba, ta wuce 200. Anubias tsiro ne na bakin rafukan dazuzzukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, a inuwar manyan itatuwa ya saba rayuwa, da ƙyar yake fitar da ganye ɗaya a 'yan makonni. Shi ne aka kai wurin da ya fi ko'ina zafin haske. Ganyen da ba ya saurin girma, ya zauna wata da watanni yana shan irin wannan haske, ai shimfiɗa ce aka yi wa gansakuka.

A nan ne na fi daɗewa ina yi masa bayani, don nan ne gindin maganar. Haske shi ke yanke wa tsiro saurin da zai yi aiki. In ka ƙara shi, tsiro zai nemi ƙarin kabon da ƙarin taki daidai gwargwado. Tankin da ba a sa masa CO2 yawanci ba ya riƙe fiye da miligiram 2 zuwa 3 na iskar a kowace lita, alhali masu fitila mai ƙarfi suna kai nasu wajen 30. Ga shi kuma iskar tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da yadda take ratsa sarari. Tun ƙarni na 19 masanin sinadarai Bajamushe, Justus von Liebig, ya yaɗa ƙa'idar cewa abin da ya fi ƙaranci shi ke tsayar da girman shuka, komai yawan sauran. A tankin ƙanena kabon ne ya fi ƙaranci. Tsirrai suna cinye ɗan abin da ke akwai cikin awannin farko, sauran yinin kuma suna tsaye a gaban fitila hannu wofi, suna raunana, ganyensu na lalacewa. Gansakuka ba ta da yawan buƙata, kaɗan ya ishe ta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Matakin gaggawa bai ɗauke mu lokaci ba. Muka rage awannin zuwa 6, muka ɗaga fitilar sama da kusan taƙi ɗaya, muka zuba kainuwa a saman ruwa ta yi inuwa, muka sauko da Anubias ƙarƙashin reshe. Yaɗuwar gansakukar ta lafa cikin kwana 10. Amma fitilar da aka rataye sama tana watso haske cikin ɗaki, tana kashe idon duk wanda ya zauna, kuma launinta mai shuɗi-shuɗi yana sa jan kifi ya koɗe, koren ganye ya yi fari-fari. Mun duba ko za a iya haɗa mata na'urar rage haske daga waje, muka ga irin wutar da take karɓa ba ta yarda da hakan ba.

Hanyoyi 3, da dalilin barin 2

Hanya ta farko ita ce a bar fitilar, a sayo tukunyar CO2 da kanta, a ƙara taki. Wannan ce za ta ba shi dardumarsa da jar Rotala. Na tambaye shi abu ɗaya: in ya yi tafiyar aiki ta mako 2, kamar yadda ya saba, wa zai duba masa? Tanki mai ƙarfin haske da CO2 yana son aski duk mako, da canjin ruwa mai yawa, da ido a kan tukunyar iska, don in ta yi yawa kifi ne ke shaƙewa, in ta riƙa hawa da sauka kuma baƙin gemun nan ne ke dawowa. Ya yi shiru, sannan ya ce ba kowa.

Ta biyu ita ce ya koma ga ƙaramar fitila mai rauni, irin wadda ake haɗowa da murfin tanki. Ya karkata gare ta sosai, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Na hana shi. Zurfin santimita 45 ba wasa ba ne ga fitila mai rauni. Haske yana raguwa da nisa, ruwa yana shanye ja kafin shuɗi, ga kututture da dogayen ganyen Vallisneria suna tare hanya. Da ya yi haka, ƙananan ganyen Rotala za su zube, karanta ya miƙe siriri yana neman sama, ya zama an gudu ba a tsira ba.

Ta uku ita muka bi: fitila matsakaiciya wadda za a iya juya ƙarfinta. Muka sa wa kanmu iyaka, PAR 30 zuwa 40 a gindi, sannan muka shiga duba abin da ke kasuwa da wannan ma'auni a hannu.

Ban ɓata lokaci kan wat ba. Tsohuwar ƙa'idar wat kaza ga lita kaza ta zamanin dogon ƙwan fulorasan ce. Wat yana faɗa maka wutar da fitila ke ci ne kawai, kuma fitilun LED sun sha bamban wajen hasken da suke fitarwa daga wat guda.

Launi ne muka tsaya a kai. Farar LED a asalinta shuɗiya ce, mai haske wajen nanomita 450, aka shafe ta da wani sinadari da ke mai da wani ɓangare na shuɗin ya koma rawaya, haɗuwarsu ta ba ido fari. Ƙirƙiro shuɗiyar LED ɗin ce ta sa aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014, kuma wannan Amano daban yake da mai tsirran. Illar irin wannan farin ita ce ja mai zurfi yakan yi masa ƙaranci, musamman in Kelbin ɗinsa ya yi sama. Shi ya sa fitilun da aka ƙera don tsirrai suke cakuɗa fararen ƙwayoyin LED da jajaye na nanomita 660, wasu kuma su haɗa ja da kore da shuɗi. Kelbin kansa launin farin yake nunawa, bai ce komai game da ƙarfi ba: 6,500 ya yi kama da hasken rana, 3,000 ya yi rawaya, 10,000 zuwa sama kuma ya fi dacewa da tankin ruwan gishiri mai murjani. Tsiro zai rayu a ƙarƙashin kowanne in ƙarfin ya isa, don haka yawancin zancen launi zancen idon mai tanki ne, kuma ban ga laifin hakan ba, tunda don a kalla aka kafa shi. Saboda wannan dalilin ne muka ƙi fitilun nan masu launin shunayya, ja da shuɗi zalla. Ganye yana amfani da koren haske ma, kuma babu mai son ya zauna gaban tankin da kifinsa ya rikiɗe. Muka nemi wadda lambar CRI ɗinta, wato gwargwadon yadda take nuna launin abu na gaskiya, ta kai 90.

Sai shimfiɗuwar haske. Fitilar farko ta fi tankin gajarta, shi ya sa tsakiya ke ƙuna kusurwa na duhu. Muka nemi mai tsawon santimita 90 cif, mai faɗin jiki da layukan ƙwayoyi da yawa, wadda haskenta ke buɗewa digiri 120. Masu gilashin tattara haske zuwa digiri 60 ko 90 suna da amfani a tanki mai zurfin gaske, amma a wannan za su bar gaba da baya cikin inuwa.

Sauran abubuwan na jiki ne. Gangar alminiyam, don zafi ne ke tsufar da LED ya dusashe ta. Kariya daga ruwa mai lamba IP67, tunda a kan ruwa za ta zauna tana shan tururi da fantsama. Adafta da ake iya cirewa a sauya, domin sau da yawa ita ke riga ƙwayoyin mutuwa. Awa 50,000 da masu ƙera fitilu ke yawan rubutawa, in ka raba da awa 8 a rana, shekara 17 ke nan, amma wannan lissafin ƙwayar haske ce a yanayi mai kyau, kuma hasken yana raguwa sannu a hankali tun kafin lokacin.

Wadda muka ɗauka a ƙarshe tana ba da lumen 4,500 in an buɗe ta duka, fari mai Kelbin 6,500 da jajayen ƙwayoyi a tsakani, da maɓallin rage haske, da agogon kunnawa da kashewa wanda ke tayar da hasken a hankali cikin rabin awa. Wannan na ƙarshen ya yi wa kifayen daɗi, sun daina zabura suna bugun gilashi in an kunna. Muka saita awannin su faro da yamma, don ya dawo gida ya tarar da tankin a haskake ba tare da an kai awa 12 ba.

Makonni 12 da suka biyo baya

Mun fara da kashi 50 cikin 100, awa 6. Da yake lambar da ke jikin maɓalli ba lallai ta yi daidai da ainihin hasken da ke fita ba, muka sake aron na'urar. A kashi 50 gindin ya nuna wajen 25, a kashi 60 kuma 30 da ɗan kai, kusurwoyi ba su yi nisa da tsakiya ba.

Makonni 2 na farko sun gwada haƙurinsa, don a ido babu abin da ya sauya. Ganyen da gansakuka ta riga ta ci ba ya warkewa. Na ce masa ya daina kallon tsofaffi, ya sa ido kan sababbin da ke fitowa. Muka yanke waɗanda suka lalace, muka fito da kututturen waje muka shafa masa ruwan haidurojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3, muka ɗauraye muka mayar. Cikin 'yan kwanaki baƙin gemun ya yi ja, sannan ya yi fari ya zube. Cryptocoryne ta narkar da rabin ganyenta, halinta ne in yanayi ya sauya mata, muka bar saiwar a ƙasa, ta sake tofowa.

A nan ni ma na yi kuskure, kuma ya kamata in faɗa. Na ba shi shawarar ya dakatar da taki gaba ɗaya, a tunanina za mu kashe gansakukar da yunwa. Zuwa mako na 4 sababbin ganye suka riƙa fitowa a koɗe, tsofaffin kuma suka yi ƙananan huji irin na ƙarancin fotasiyam. Tsirran na sa wa yunwa, gansakukar ko a jikinta. Muka dawo da takin ruwa mai haɗe da naitiret da fosfet da fotasiyam da sinadarin ƙarfe, rabin abin da aka rubuta a kwalba, sau ɗaya a mako bayan canjin ruwa. Launin ganye ya dawo. Rage haske yana rage buƙatar taki, amma bai shafe ta ba.

Nasa kuskuren ya zo a mako na 6. Ya ga abubuwa sun daidaita, ya matsu ya ga Rotala ta yi ja, sai ya murɗa maɓallin zuwa 85 bai gaya mini ba. Kwana 10 ɗigo-ɗigon kore suka dawo gilashi, zare-zare ya fara leƙowa. Da fitilar farko ce da sai an sake rataye-rataye da neman inuwa. Wannan karon ya sauko da ita 60, ya kankare gilashin, abin ya tsaya nan. Ni a wurina wannan mako ne ya biya kuɗin fitilar, don ya nuna cewa kuskure ya zama abin da ake gyarawa da yatsa ɗaya. Daga nan muka yi yarjejeniya: ba a ƙara fiye da kashi 5 a lokaci guda, ba a taɓa ƙarfi da awanni a rana ɗaya, kuma bayan kowane sauyi sai an jira mako 2.

Monte Carlo ba ta yi ba. Maimakon ta kwanta ta bi ƙasa, sai ta riƙa miƙewa sama siririya, saiwarta ta kasa kamawa, kifayen gindi suna tumɓuke ta. Akwai masu samun ta ba tare da CO2 ba a tanki marar zurfi mai ƙasa mai ƙarfi, amma a zurfin 45 da PAR 30 ta fi ƙarfin abin da muka tanada. Ya ji zafin cire ta, na gani a fuskarsa. Muka maye gurbinta da gajeruwar Sagittaria subulata, wadda ke yaɗuwa ta ƙarƙashin ƙasa tana fitar da 'ya'ya. Ba ta yi lufluf kamar darduma ba, ta fi kama da ciyawar bakin fadama, amma ta rufe kusan rabin gaban tankin zuwa mako na 12. Rotala ta tsaya kore, kawunanta da suka kusa saman ruwa ne kawai suka yi ruwan lemo. Jan da ya gani a hotuna yana son haske mai ƙarfi da CO2 tare, kuma wannan ciniki ne da ya riga ya yanke ba zai shiga ba a yanzu.

Akwai inda har yau ba mu daidaita ba. Shi yana ganin da mun ɗauki wadda ta fi wannan ƙarfi, ko don ranar da zai sa CO2. Ni kuma ina ganin kashi 40 da ya rage a maɓallin ya isa ya kai gindin wajen PAR 50, wanda zai riƙe masa Monte Carlo in iskar ta samu, kuma fitila mai ƙarfi da yawa a hannun mai ɗoki jaraba ce. Mun bar maganar sai ranar da tafiye-tafiyensa suka ragu.

Yanzu fitilar tana kan kashi 60, awa 7 a rana. Ya rage kainuwar zuwa kusurwa ɗaya, daidai saman inda Anubias take. Gilashi sau ɗaya yake gogewa a mako 2. Ranar da na koma dubawa ya jawo ni gefen tankin ya nuna mini ƙarƙashin reshe, ya ce, "Yaya, ƙirga." Sababbin ganyen Anubias 3 ne, na ƙarshen bai gama warwarewa ba, kuma babu gashi ko ɗaya a gefensu.